Tura Duka ko Ajiye Kati: Yadda Mai Ƙaramin Jari Zai Yanke Shawara a Gasar Poka ta Intanet

Tambaya: Malam, ina buga gasar poka ta intanet, irin ta Texas Hold'em, a manhajar da ake shiga da kwabban wasa na kyauta. Idan jarina ya ragu ya koma kamar ninki 10 na babban tilas (kuɗin da ake zubawa dole kafin a raba kati), sai in rasa abin yi. Nakan zauna jiran kati mai kyau har jarin ya ƙare, alhali ina ganin ƙwararru suna tura duk abin da ke gabansu da katunan da ni ba zan buga ba. Wani ya ba ni jadawali da ke nuna katin da ake turawa da wanda ake ajiyewa. Shin in bi shi kawai?

Amsa: Ɗan'uwa, jadawalin yana da amfani, amma ba zai yi maka aiki sosai ba sai ka fahimci lissafin da ya haife shi. Lissafin kuwa yana nuna abin da sababbin 'yan wasa ba sa saurin yarda da shi, wato idan jari ya yi ƙanƙanta, mafi yawan ribar turawa tana fitowa ne daga lokutan da mutanen da ke bayanka suka ajiye katunansu suka bar maka abin da ke tsakiya, ƙarfin katinka kuma yana zuwa ne a matsayi na biyu. Na ji daɗi da ka ce da kwabban kyauta kake bugawa, domin da zarar an sa kuɗi na gaskiya abin ya zama caca, wadda hukuncinta a addini sananne ne, kuma ko ta fuskar lissafi, kason da kamfani yake cirewa daga kuɗin shiga, wanda yakan kai kusan kashi 10 cikin 100 a ƙananan gasanni, ya isa ya sa mafi yawan masu bugawa su yi asara idan tafiya ta yi nisa. Abin da zan bayyana shi ne lissafin wasan, kuma lissafin bai damu da irin kwabban da ke kan teburi ba.

Mu fara da awon jari. Yawan kwabbanka ba ya gaya maka komai sai ka auna shi da abin da ake karɓa a hannunka dole. A kowane rabo mutum biyu suna zuba kuɗin tilas, ƙarami da babba, kuma a tsakiyar gasa akan ƙara wani ɗan haraji da kowa yake zubawa kafin a raba kati. Mu ɗauka ƙaramin tilas 500 ne, babba 1,000, harajin kuma 125 a kan kowane mutum a teburin mutum 9. Kafin kowa ya duba katinsa akwai 2,625 a tsakiya. Idan kana da 8,000, jarinka ninki 8 ne na babban tilas. Akwai wani awon da Dan Harrington, wanda ya lashe babbar gasar duniya ta poka a Las Vegas a 1995, ya yaɗa, ana kiransa M, daga sunan Paul Magriel: a raba jari da jimillar abin da zagaye ɗaya yake ci. A misalinmu 8,000 a raba da 2,625 ya ba da 3 da ɗan ɗoriya, ma'ana zagaye uku kawai ya rage maka idan ka naɗe hannu. Ka kuma lura cewa jarin da ake lissafi da shi shi ne mafi ƙanƙanta tsakaninka da abokin karawarka. Idan kana da 40,000 amma waɗanda suka rage a bayanka kowa 8,000 gare shi, to kai ma wasan mai 8,000 kake bugawa da su.

Dalilin da ya sa zaɓi yake komawa biyu shi ne hanyoyin tsakiya sun daina biyan kuɗinsu. Idan ka ɗaga zuwa 2,000 kawai, ka ba mai babban tilas damar shigowa da araha, kuma sau biyu cikin uku katunan ukun farko da za a buɗe a tsakiya ba za su haɗu da katinka ba idan ba tagwaye (kati biyu masu lamba ɗaya) kake riƙe da su ba, sai ka tsinci kanka da 6,000 ba ka san ko ka ci gaba ko ka janye ba. Idan kuma wani ya mayar maka da turawa, ko ka ajiye ka bar rubu'in jarinka, ko ka amsa a wasan da shi ya zaɓi lokacinsa. Turawa tun farko tana kawar da wannan duka, tana ɗora wa abokin karawa nauyin shawara, kuma tana tabbatar maka da ganin katuna biyar ɗin tsakiya idan an amsa.

Ga lissafin kansa, kuma ina so ka bi shi da alƙalami domin shi ne ginshiƙin komai. Kana kujerar mai raba kati, kowa ya ajiye, saura masu tilas biyu, kuma kowannensu ya fi ka jari. Mu ce kowane ɗayansu yana amsa turawa da mafi kyawun kashi 15 cikin 100 na katuna. Yiwuwar su biyun su ajiye ita ce 0.85 sau 0.85, wato kusan kashi 72. A waɗannan lokuta ka kwashe 2,625 ba tare da an buɗe ko kati ɗaya ba, jarinka ya ƙaru da kusan sulusi. A sauran kashi 28 an amsa maka. Idan mai babban tilas ne, abin da ke tsakiya ya zama 17,625. Idan katinka 9 da 8 ne masu alama iri ɗaya, rabonka na nasara a kan irin katunan da yake amsawa da su ya kai kusan kashi 35, wato matsakaicin abin da zai dawo maka 6,169 ne daga 8,000 da ka zuba, asarar 1,831. Yanzu haɗa su: kashi 72 na 2,625 ya ba da 1,890, kashi 28 na 1,831 ya ba da 513, abin da ya rage ribar 1,377 ce a kowace turawa idan an ɗauki matsakaici. Ajiyewa kuwa sakamakonta sifili ne. Na bar lokutan da su biyun za su amsa tare domin sauƙin lissafi, kuma ba su da yawan da za su sauya hukuncin.

Abin da ya fi ba mutane mamaki shi ne idan ka sauya katin zuwa 7 da 2 masu alama daban, wanda ake ɗauka mafi muni a wasan, ka ba shi rabon kashi 27, turawar tana nan da riba kusan 980 muddin mutanen nan biyu suna amsawa da kashi 15 kacal. Amma idan masu saurin amsawa ne, kowa yana shigowa da kashi 35 na katuna, yiwuwar su ajiye tare ta sauka zuwa kashi 42, kuma ko da yake rabon katinka yana ɗan ƙaruwa tunda suna amsawa da katuna masu rauni, sai 7 da 2 ya koma asarar kusan 470, shi kuwa 9 da 8 ya ci gaba da kawo riba kusan 650. Katin hannunka bai canja ba, jarinka bai canja ba, amma hukuncin ya juye saboda halin mutanen da ke bayanka. Ƙwararren da ka gani yana turawa da katin banza, a mafi yawan lokuta wannan yake karantawa.

Daga nan za ka ga muhimmancin kujera. Idan kowane mutum yana amsawa da kashi 10 kawai, mutum biyu za su ajiye tare sau 81 cikin 100, amma mutum takwas za su ajiye gaba ɗaya sau 43 ne kacal, kuma wanda zai amsa a cikinsu zai zo da kati mai ƙarfi. Saboda haka jerin katunan da ake turawa daga kujerar farko gajere ne, yana faɗaɗa yayin da kake matsowa kusa da mai raba kati, ya fi faɗi a kujerar ƙaramin tilas inda mutum ɗaya ya rage. Duk wannan ya shafi lokacin da kai ne farkon shiga. Idan wani ya riga ya ɗaga a gabanka, musamman daga kujerun farko, ya riga ya nuna yana da wani abu, kuma da jari ninki 8 da wuya ka kore shi.

Game da irin katin da ya dace da turawa, abin dubawa shi ne yadda zai tsaya idan an amsa. Ƙananan tagwaye suna da kyau, domin ko tagwayen 2 suna ɗan rinjayar A da K (katuna biyu mafiya girma) masu alama daban, ko da yake idan suka haɗu da tagwayen da suka fi su, rabonsu bai kai kashi 20 ba. Katuna mabiya masu alama ɗaya, irin 9 da 8, suna da kusan kashi 40 a gaban A da K. Shi kuwa A da 5 masu alama daban, wanda ido yake ganin ya fi, yana faɗuwa ƙasa da kashi 30 idan ya gamu da A wanda katinsa na biyu babba ne, shi ya sa ake ajiye shi a kujerun farko. A kujerun ƙarshe yana dawowa da daraja saboda dalili biyu: yakan fi katunan da ake amsawa da su a can, kuma riƙe A ɗaya yana rage hanyoyin da wani zai sami tagwayen A daga 6 zuwa 3, ya rage na A da K daga 16 zuwa 12.

Yanzu mu zo kan jiran da ka ce kana yi, domin a ganina shi ne babbar matsalar, kuma ita ce wadda ba a jin zafinta lokacin da take faruwa. A cikin haɗuwar katuna biyu guda 1,326 da ake iya raba maka, tagwayen 10 zuwa sama da A da K sun kama 46 ne kawai, wato kusan sau ɗaya a rabo 29. Jarin da ke da M na 3 a teburin mutum 9 zai kai ka rabo 27 ne, idan ma ba a ƙara tilas ba. Kusan sau 4 cikin 10 katin da kake jira ba zai zo ba sam kafin jarin ya ƙare. Halinka a nan kamar na ɗan kasuwar da kuɗin hayar shago yake cin jarinsa ne, ko ya yi ciniki ko bai yi ba. Kuma ko katin ya zo a makare, amfaninsa ya ragu ta hanya biyu. Ninka 3,000 ba daidai yake da ninka 8,000 ba. Sannan idan ka tura 3,000, mai babban tilas zai ƙara 2,000 ne kawai don neman 7,625, yana buƙatar rabon kashi 26 kacal, wanda kusan kowane kati yana da shi, don haka ba zai ajiye ba. Ƙarfin korar mutane, wanda muka ga shi ne tushen riba, yana fara gushewa tun daga wajen ninki 5, kuma wajibi ne ka yi amfani da shi tun yana hannunka. Idan ka ga tilas zai iso kanka nan da rabo biyu kuma zai saukar da kai ƙasa da wannan iyaka, ka sassauta sharuɗɗanka yanzu.

Amsa turawar wani kuwa hukuncinta daban ne, kuma a nan ne ake yin kuskure ta ɗaya ɓangaren. Mai turawa yana da hanya biyu ta cin nasara, ko a ajiye masa ko katinsa ya yi rinjaye. Mai amsawa hanya ɗaya gare shi. A misalinmu, mai babban tilas zai ƙara 7,000 don neman 17,625, yana buƙatar kusan kashi 40 a kan dukan katunan da mai turawar yake iya riƙewa. Don haka tambayar da za ka yi wa kanka ita ce wane ne ya tura kuma daga wace kujera. K da 10 abin amsawa ne a gaban wanda ya tura daga ƙaramin tilas kuma ka san yana yawan turawa, amma abin ajiyewa ne a gaban mai haƙurin da ya tura daga kujerar farko.

Jadawalin da aka ba ka, mai yiwuwa an gina shi a kan abin da ake kira daidaiton Nash, daga sunan John Nash, masanin lissafi Ba'amurke da ya gabatar da ra'ayin a 1950 kuma ya sami lambar Nobel ta tattalin arziki a 1994. Ma'anarsa a nan ita ce an samo jerin turawa da jerin amsawa waɗanda babu ɓangaren da zai ƙaru idan ya sauya nasa shi kaɗai. Alal misali, idan mutum biyu suka rage, kowa da ninki 10, babu haraji, mai ƙaramin tilas yana tura kusan kashi 58 na katuna, mai babban tilas yana amsawa da kusan kashi 37. Kafin ka dogara da kowane jadawali, ka tabbatar da abin da ya ɗauka: mutum nawa ne a teburin, akwai haraji ko babu, kuma da kwabbai ya yi lissafi ko da ladan gasa. Jadawalin mutum biyu ba ya aiki a teburin mutum tara, wanda babu haraji kuma ya yi tsauri da yawa a inda ake biyan haraji. Sannan ya ɗauka abokan karawarka suna buga daidai, alhali a wasannin kyauta mutane sukan amsa fiye da kima tunda babu abin da yake musu zafi. A irin wannan teburi ka rage turawa da mafi raunin katunan da ke gefen jadawalin, ka riƙe masu manyan lambobi da za su rinjayi abin da ake amsawa da shi. A teburin matsorata kuma ka faɗaɗa fiye da yadda jadawalin ya ce.

Akwai wani gyara da ya fi duk waɗannan nauyi, kuma yana shigowa idan an kusa matakin da ake fara ba da lada. Kwabbai a gasa ba su da daraja ɗaya: wanda ka rasa ya fi wanda ka samu tsada. Hanyar auna wannan ita ce ICM, wato lissafin da ke mayar da kwabbai zuwa kason lada, wadda asalinta lissafin da David Harville ya yi a 1973 kan tseren dawaki, daga baya Mason Malmuth ya kawo shi cikin poka. Ɗauki gasar da ke ba na ɗaya kashi 50, na biyu 30, na uku 20, saura mutum huɗu masu jari daidai. Rabon kowa kashi 25 ne. Idan wani ya tura ka amsa ka yi nasara, kana da rabin kwabban gasar, amma rabonka na lada ya tashi zuwa kashi 38.3 ne kawai, tunda ko ka kwashe komai ba za ka wuce 50 ba. Idan ka faɗi, ka tashi babu komai. Don haka kana sadaukar da 25 don neman ƙarin 13.3, kuma idan an ajiye tilas gefe, sai kana da kusan kashi 65 na nasara kafin amsawar ta biya kanta. A da K masu alama daban suna da kusan kashi 65 ɗin ne a gaban katin da aka ɗauko ba zaɓi, ma'ana ko da abokin karawarka yana tura kowane kati, wannan babban kati bai wuce kan iyaka ba. Sakamakon haka shi ne a bakin lada amsawa takan ƙuntata ƙwarai, kuma saboda kowa ya san haka, mai babban jari yana iya turawa da faɗi a kan masu matsakaicin jari. Idan kai ne mafi ƙanƙanta a teburin, matsin bai kai haka a kanka ba, domin abin da za ka rasa kaɗan ne. Idan kuwa akwai wanda ya fi ka ƙanƙanta kuma tilas yana gab da cinye shi, haƙurin rabo ɗaya ko biyu yana da daraja ta gaske.

A gasar neman gurbi, inda duk waɗanda suka tsallake suke samun tikiti iri ɗaya, irin wadda Chris Moneymaker ya bi ta dandalin poka na PokerStars har ya lashe gasar duniya a 2003, wannan lissafi yana kaiwa matuƙa: idan saura mutum ɗaya ya fita kuma jarinka ya wadatar, ajiye tagwayen A ma yana iya zama daidai. A gasar da ake ba da tukuici kan fitar da ɗan wasa kuwa abin ya juya, domin waɗanda suka fi ka jari za su amsa maka da faɗi don neman tukuicin kanka, don haka kada ka sa ran za su ajiye kamar yadda jadawali ya zata.

Tsarin turawa ko ajiyewa yana da iyakarsa. Ƙasa da ninki 10 yana kusa da mafi kyawun wasa, kuma kuskuren da za ka yi ta binsa kaɗan ne. Tsakanin ninki 12 da 20, manhajojin nazari na zamani suna nuna cewa ɗagawa kaɗan da wasu katuna ya fi tura su, musamman mafiya ƙarfi da kake so a amsa maka. A wannan tsakanin makamin da ya fi amfani shi ne mayar da turawa a kan wanda ya ɗaga daga kujerun ƙarshe, domin jarinka ya isa ya kore shi kuma abin da ke tsakiya ya ƙaru da nasa.

A intanet, musamman a gasanni masu sauri inda ake ƙara tilas kowane minti 3 ko 5, za ka shafe babban ɓangaren gasar a wannan yanayi, lokacin tunani kuma daƙiƙoƙi ne, don haka nazarin a wajen teburi ake yin sa. Manhajoji irin ICMIZER da HoldemResources Calculator suna karɓar tarihin wasanka su nuna maka ribar ko asarar kowace shawara. Ka yi amfani da su bayan wasa kawai. Manyan dandamali sun haramta taimakon manhaja yayin bugawa, kuma a 2020 GGPoker ta sanar da rufe asusun wasu 'yan wasa a kan haka. Idan za ka yi bita, kada ka tsaya kan turawar da ta fitar da kai, domin wanda ke da kashi 60 a karawa uku a jere zai tsallake dukansu ne sau 22 kawai cikin 100, kuma faɗuwarsa ba ta nuna ya yi kuskure. Ka fi mai da hankali kan lokutan da kowa ya ajiye har zuwa kanka a kujeru ukun ƙarshe, kana da ninki 6 zuwa 10, kai ma ka ajiye. Ka rubuta katin, da kujerar, da jarin waɗanda ke bayanka, ka yi musu lissafin da muka yi a sama da ƙiyasi biyu, ɗaya na masu amsawa da kashi 15, ɗaya na masu amsawa da kashi 35, sannan ka kwatanta abin da ya fito da abin da jadawalinka ya ce.